Turancin da Ake Rubutawa a Bayan Idonmu

Laccar da aka gabatar a garin Jahun, Jihar Jigawa, gaban ɗaliban kiwon lafiya, malaman makaranta da ma'aikatan ƙaramar hukuma





Ranar da takardar gayyatarku ta iso ni, ina zaune da wani tsohon abokin aikina. Na karanta masa taken, cewa ana so in yi magana a kan yadda mutum zai zaɓi kalmar da ta dace idan yana Turanci. Ya yi dariya har da tafa hannu, ya ce, "Malam, a Jahun? Wa ke zagin wani da Turanci a Jahun?" Ban yi masa musu ba. A kasuwa da Hausa ake ciniki, a ruga da Fillanci ake hira, ko faɗa ne ya kaure da Hausa ake ɗura ashar. Sai dai na yi masa tambaya ɗaya: takardun da ke fita daga garin nan kowane ƙarshen wata, da wane harshe ake rubuta su? Rajistar asibiti, rahoton rigakafi, jerin waɗanda ambaliya ta cinye wa gonaki, takardar neman tallafi, bayanin 'yan sanda, labarin da wakilin jarida ke aikawa. Duk da Turanci. Su tafi Dutse, daga Dutse su wuce Abuja, wasu har Janiba da Landan. Mutanen da aka rubuta labarinsu a ciki kuwa, mafi yawansu ba za su taɓa ganin takardar ba, ko sun gani ba za su iya karantawa ba.

Ke nan Turancinmu na Jahun maganar bayan ido ce. Hukuncin maganar bayan ido kuwa, kowa a ɗakin nan ya san shi tun yana makarantar allo.

Bari in fara da abin da ya same ni, kada ku ɗauka wa'azi na zo yi muku daga sama. Shekaru da dama da suka wuce, a wata jiha ba tamu ba, wata ƙungiya ta ɗauke ni tafinta na 'yan kwanaki. Sun zo da baƙi daga waje, za a zaga da su ɗakin matan da aka yi wa aikin yoyon fitsari. Aka raba wa baƙin wata takarda mai shafi biyu, ni ma aka miƙo mini tawa. Muna tsaye a bakin wani gado, sai mai gadon, wata yarinya da ba ta wuce shekara ashirin ba, ta lura ana duban takarda ana dubanta. Ta ce, "Malam, me aka rubuta a kaina?" Na duba layin farko. An kira su "poor, illiterate, abandoned victims". Wato matalauta, jahilai, yasassu, abin tausayi. Na buɗe baki, magana ta ƙi fita. Daga ƙarshe na ce, "An ce kuna samun sauƙi, ƙanwata." Ƙarya na shara mata. A gefen matashinta akwai ɗan littafin addu'o'i da duk gefunansa suka lanƙwashe saboda karatu. Mijin da takarda ta ce ya yasar da ita yana waje gindin darbejiya, ya fi mako yana kwana a tabarma, tunkiyarsa ya sayar ya kawo ta.

Tun daga ranar na kafa wa kaina ma'auni. Duk jimlar Turancin da zan rubuta a kan mutum, sai na tambayi kaina: zan iya juya ta zuwa Hausa in faɗa a gabansa, ina kallon idonsa? In na ji harshena zai sarƙe, sai in koma kan jimlar.

Da gangan na ɗauko misalin yoyon fitsari, saboda garin da muke ciki. Tun 2008 ƙungiyar likitoci ta MSF ke aiki tare da Ma'aikatar Lafiya ta Jigawa a Babban Asibitin Jahun, a ɓangaren haihuwa, jarirai da gyaran yoyon fitsari. Mata na zuwa daga lungu-lungun jihar nan da maƙwabtanta, sunan Jahun kuma na yawo a rahotannin duniya. Kafin Jahun akwai Babbar Ruga a Katsina, inda Dokta Kees Waaldijk, mutumin Holan da aikin kuturta ya kawo shi a 1983, ya koma ɗinke mata har sunan asibitin ya game duniya. Tun 2013 kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 23 ga Mayu don yaƙi da larurar. Duk ranar da ta zagayo, jaridu sai su cika da labarin matanmu, da kalmomin da su matan ba su zaɓa ba.

Ku ɗaliban lafiya kun fi ni sanin yadda abin ke faruwa. Naƙuda ta yi tsawo, kwana biyu ko uku, kan jariri ya tokare a ƙugu, ya danne mafitsara jikin ƙashi har jini ya daina kaiwa wurin. Naman ya mutu, bayan 'yan kwanaki ya zube ya bar ɓula. Galibi jaririn ba ya zuwa da rai. Wani lokacin kuma yankan gishiri ne sanadi. Babban abin da ke hana aukuwarsa shi ne tiyata a kan lokaci. To ku duba abubuwan da ke cikin wannan labari. Akwai hanya, akwai mota da kuɗin mota, akwai kwale-kwale lokacin da ruwa ya yanke gari da damina, akwai jinin da za a ƙara, akwai wutar ɗakin tiyata. Ranar da ka rubuta "illiterate victim", ka kwashe duk waɗannan ka jibga a kan mace ɗaya da jahilcin da ka laƙaba mata. Mai karatu a Abuja zai girgiza kai, ya ce Allah sarki, ya rufe takarda, bai ga aikin da ya hau kansa ba. Amma in ka rubuta cewa mace ce da ta kwana biyu tana naƙuda a ƙauyen da ke da tafiyar awa uku zuwa ɗakin tiyata mafi kusa, ka nuna masa inda kuɗi ya kamata su tafi.

Kada a fahimce ni a baibai. Ban ce a ɓoye auren wuri ba. Yarinyar da ƙugunta bai gama buɗewa ba ta fi shiga haɗari, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ban kuma ce babu mazan da ke sakin matansu saboda warin fitsari ba. Akwai su, da yawa ma, abin kunya ne a kanmu. Wadda aka saka, a rubuta an sake ta. Wadda mijinta ke kwana a tabarma, a bar masa ladansa.

Larurar nan ma ba gadon gidanmu ba ce mu kaɗai. A Amurka, likitan da ake dangantawa da wannan tiyata, J. Marion Sims, a jikin bayi mata baƙar fata ya koyi hannunsa a Alabama cikin shekarun 1840, yana yanka ba maganin kashe zafi. Sunayen uku kawai tarihi ya riƙe: Anarcha, Lucy da Betsey. An daɗe littattafai na kiransa uban likitancin mata, su kuma a kira su "slaves", bayi, kamar haka aka halicce su. A 2018 aka ɗauke mutum-mutuminsa daga babban lambun birnin New York. Yau masana tarihi da yawa sun koma rubuta "enslaved women", matan da aka bautar. Haruffa kaɗan aka ƙara, amma wanda ya yi bautarwar ya dawo cikin jimla.

Ita kuwa "illiterate", tsohuwar rigima gare ni da ita. Wannan yanki namu na gabas ya yi suna wajen tsangayu. Alaramma ya haddace Alƙur'ani, ya rubuta shi da ka, yana aika wasiƙa da ajami, sai yaro ɗan shekara ashirin da biyu ya zo da fom ya sa masa alama a layin jahilai. Abin da yaron ke nufi shi ne Alaramma ba ya karatun boko. To ya rubuta hakan mana. Turanci bai rasa kalmomin da zai ce mutum yana karatu da haruffan Larabci amma bai shiga makarantar gwamnati ba. Jimlar ta fi tsawo, amma ita ce gaskiya, kuma duk mai shirin wayar da kai da ya karanta ta zai gane cewa in ya buga sanarwarsa da ajami akwai masu karantawa.

Yanzu ku buɗe rajistarku ta asibiti. Shekara da shekaru, mai tarin fuka da ya daina zuwa karɓar magani ana rubuta shi "defaulter". Wannan kalmar masu ba da bashi ce, ta wanda ya ci kuɗi ya ƙi biya. Wanda ake zaton yana da cutar kuma a rubuta shi "suspect", kalmar caji ofis. Sai a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauya su. Na farkon ya koma "lost to follow-up", wanda bibiya ta kuɓuce a kansa, na biyun ya koma "presumptive". Ku lura da abin da sauyin farko ya yi. A da, laifin na majiyyaci ne shi kaɗai. Yanzu kalmar na tambayar asibiti ma: wa ya kamata ya bi shi, kuma ya bi shi ɗin?

Irinta ce "non-compliant", da aka yi ta rubutawa a kan gidajen da suka hana a ɗiga wa 'ya'yansu maganin shan inna. Kalmar na nufin mai taurin kai. Amma wanda ya san tarihin ƙasar nan ya san cewa a 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a kan yara kusan 200 a Kano, 11 suka rasu, aka shafe shekaru ana shari'a. Ya san kuma a 2003 gwamnatin Kano da kanta ta dakatar da rigakafin. Magidancin da ya rufe ƙofarsa ya yi kuskure, ni ban taɓa shakkar haka ba, yara da yawa sun shanye saboda wannan tirjiya. Amma ba a shawo kansa da suna ba. Da sarakuna da malamai da zama a zaure aka shawo kansa, har aka kai Agustan 2020, lokacin da aka tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali. In ka rubuta dalilin da mai gida ya faɗa, ka ba wanda zai zo bayanka abin da zai fara magana da shi.

Na san akwai mai cewa a ransa, wannan ai ƙaƙale ne irin na Turawa. To mu koma gida. Aya ta 11 ta Suratul Hujurat ta hana jifan juna da munanan laƙubba, ta 12 ta hana giba. Amma ku duba Suratu Abasa. Da aka zo labarin Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makaho aka kira shi kai tsaye, ba kwana-kwana, kuma surar don kare darajarsa ta sauka. Shi ne ya zama ladani, shi ake bar wa Madina in an fita. Malaman hadisi ma suna da masu laƙabi irin su al-A'amash, mai raunin gani, da al-A'araj, gurgu, kuma Imam Nawawi a Riyadus Salihin ya lissafa wannan cikin wuraren da aka halatta ambaton mutum da siffarsa, in don a gane shi ne, ba don a ƙasƙanta shi ba. Hausa kuma harshen sakaya ne tun fil azal. Ba ma cewa mace na da ciki a gaban manya, juna biyu gare ta. Ta sauka. Ya riga mu gidan gaskiya. Yana da larura. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Mutanen da suka gaji wannan ladabi ba sa bukatar wani ya zo daga Landan ya koya musu cewa suna linzami ne. Abin da ke faruwa kawai shi ne, da mun ɗauki biro mun shiga Turanci sai mu tuɓe kunyar mu ajiye a bakin ƙofa kamar takalmi.

Ga kaɗan daga kalmomin da duniya ta riga ta ajiye, mu muna nan muna ja. "Leper", kuturu, a Turanci ta daɗe da zama sunan duk wanda ake ƙyama. A Disambar 2010 Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya goyi bayan ƙa'idojin da suka nemi a cire ta daga takardun hukuma. Burazil tun 1995 ta yi doka cewa a takardun gwamnati a kira cutar da sunan Hansen, likitan Norway da ya gano ƙwayarta a 1873. "Deaf and dumb", da har yanzu ake gani a allunan wasu makarantu, rabinta na biyu a Turancin yau daƙiƙi yake nufi. "Lunatic" kuwa a dokar ƙasa take zaune tun zamanin Turawa, sai a Janairun 2023 sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta maye gurbin tsohuwar ta 1958. Dokar hana nuna wariya ga masu nakasa da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta yi amfani da "persons with disabilities", mutum a gaba, larura a baya.

Amma a nan sai an yi hattara, domin sabon suna ma yana tsufa. Masanin harshe Steven Pinker ya yi bayanin wannan tun 1994: in ƙyamar na nan, duk sunan da aka kawo sai ya sha wari ya zama zagi. "Idiot" da "moron" kalmomin likitoci ne a da. Da suka lalace aka kawo "retarded", ita ma ta lalace, sai da Amurka ta yi doka a 2010 ta cire ta daga dokokin tarayya. Mu ma mun tashi daga nakasassu mun koma masu bukata ta musamman. Madalla. Sai dai dokar 2019 ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara ƙofofinsu yadda keken gurgu zai shiga, wa'adin ya cika a Janairun 2024. Kowa ya tuna matakalar ofishinsa. Kuma su masu larurar ba bakinsu ɗaya ba. Kurame da yawa a ƙasashen Turanci sun fi son a kira su "Deaf" kai tsaye, da babban baƙi, don suna ɗaukar kansu al'umma mai harshenta. Mu da muke da Sarkin Makafi da Sarkin Guragu, masu rawani da fada da mabiya, bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba. In kana shakkar sunan da za ka rubuta, tashi ka je ka tambaya. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Duk abin da na faɗa zuwa yanzu a kan kalma mai rauni ne. Akwai ƙanwarta da ta fi ta haɗari, domin ita da murmushi take zuwa. Ina nufin kalma mai rufa-rufa.

A Afrilun 1906 sojojin Ingila suka auka wa Haɗeja, aka kashe Sarki Muhammadu da ɗimbin jama'arsa. A takardun Turawa irin wannan fita "expedition" ce, kamar tafiyar buɗe ido, cin ƙasar baki ɗaya kuma "pacification", wato kwantar da tarzoma. Haɗejawa kuwa har gobe Mai Shahada suke kiran sarkinsu. Rana ɗaya ce, jini ɗaya, suna biyu. Shekara arba'in bayan haka, a 1946, marubucin Ingila George Orwell ya ɗauko ita wannan kalma ta "pacification" ya kafa misali da ita a kan yadda harshen siyasa ke lulluɓe kisa. Ɗalibin da ya kwafe ta daga tsohon littafi ya zuba a jarrabawa ba tare da ya tsaya ba, ya sa hannu a kan labarin wanda ya harba bindiga.

Ba tarihi kaɗai ba. A kwarin kogin Haɗeja, da ruwa ya janye fadama ta buɗe, manomi da makiyayi da masunci duk wuri ɗaya suke kallo. In an yi rashin sa'a a wajen Guri ko Kirikasamma, washegari jarida ta ce an yi "clash", arangama. Wani lokacin arangamar ce da gaske. Wani lokacin kuwa mutane ne suka je da dare suka ƙona rugar da ke barci, ko aka kora shanu cikin gonar da ba a girbe ba aka sari mai ita. Kalmar "clash" ta raba laifi biyu daidai tun kafin alƙali ya zauna. Sannan ga "Fulani herdsmen", da ta zama kamar sunan ƙungiyar 'yan fashi a jaridun Kudu da na waje. Ban taɓa ganin an rubuta ƙabilar ɗan damfara a kanun labari irin yadda ake rubuta wannan ba. A garin nan, da Fulani ke cikin tushensa, har a Kamaru akwai Fulanin da ake kira Jafun masu danganta sunansu da Jahun, ba sai na yi dogon bayani a kan abin da wannan kalma ke jawo wa yaro mai sanda a tashar mota ba. In mahara ne, a ce mahara. In an kama su, a faɗi sunayensu. Kuma kada ku raina tasirin suna a hukumance. An shekara da shekaru ana kiran masu satar mutane a Zamfara da Katsina "bandits". Sai a Nuwambar 2021 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ayyana su 'yan ta'adda, gwamnati ta buga a gazet a Janairun 2022. Mutanen ba su sauya ba, dokar da za a yi musu hukunci da ita ce ta sauya.

Ambaliya ma haka. Ta 2020 da ta 2022 ba wanda ya manta da su a nan. Rahoto zai ce "natural disaster", wato annoba ce daga sama ba hannun kowa. Ruwan sama na Allah ne, babu ja. Amma madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 mutane suka gina, mutane ke buɗe su, sun kuma sauya yadda kogin ke tafiya. Kachalar da ta toshe hanyoyin ruwa, yashe ta aikin mutum ne. Jingar da ba a ɗaga ba, kuɗinta na cikin kasafin wani. Mai rubuta rahoto ya rubuta ambaliya, ya faɗi inda ruwan ya ɓalle da dalilin ɓallewarsa. A 2020 kuma, lokacin korona, da gwamnonin Arewa suka yi ta lodin almajirai a motoci ana mai da su jihohinsu, Jigawa na cikin masu karɓa, jaridu suka yi ta rubuta "deport" da "repatriate". Waɗannan kalmomin baƙin haure ne da 'yan gudun hijira. Yaron Jahun da ke karatu a Kano ɗan ƙasa ne, sashe na 41 na tsarin mulki ya ba shi damar zama ko'ina a Najeriya. Da kalma ɗaya aka mai da shi baƙo a ƙasar ubansa.

Sauran zan bi ta kansu da sauri. "Tribe" da "native" kalmomin mulkin mallaka ne, daga ta biyun muka samo En'e. Hausawa sun ninka mutanen Holan yawa, amma ba wanda ya taɓa kiran mutanen Holan "tribe". Da aka dawo da tsohon taken ƙasa a Mayun 2024, wanda wata Baturiya ta rubuta kalmominsa, waɗannan kalmomi biyu na cikin abin da aka yi ta cece-kuce a kai. Zazzaɓin Lassa sunan wani gari a Borno aka sa masa, inda aka fara gano shi a 1969, garin na ɗauke da tambarin har yau, irin wannan ne ya sa a 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a daina sa wa sabuwar cuta sunan wuri ko na al'umma. Kuma laifi tudu ne. Muna jin zafi in ɗan Legas ya ce "aboki" da wata irin murya, kalmarmu mai daɗi ta koma sunan raini. To mu tuna da nyamiri da arne a bakinmu, da kabari salamu alaikum da aka riƙa kiran mai cuta mai karya garkuwar jiki. Wanda bai wanke Hausarsa ba, Turancinsa ba zai fita tas ba.

Shin duk jerin kalmomin da aka aiko daga waje sai mun haɗiye? A'a. Rigingimun Amurka na Amurka ne. "People of colour" tana da aiki a Chicago, a Jahun ba ta nuna kowa ba. Wasu ƙungiyoyi kuma sun ce kada a ce "patient", a ce "survivor", wadda ta tsira. Matar da aka yi wa aiki ta warke, ta tsira, a kira ta haka. Wadda aka yi wa sau uku har yanzu tana yoyo, in ka kira ta wadda ta tsira ka rufe fayil ɗinta tana nan kwance. Ni a wajena kalma mai taushi da ta ɓoye gaskiya da kalma mai kaifi da ta ci mutunci, duk ɗaya ne, duk ba za su iya tsayawa a gaban mai su ba. Ta farko zai ce maka ƙarya ne, ta biyu zai ce maka Allah ya isa.

'Ya'yana ɗalibai, jarrabawarku ta gaskiya na zuwa ranar da za ku zauna rubuta takardar neman tallafi. Za ku gano da wuri cewa tausayi na da kasuwa. Gwargwadon yadda ka ƙasƙanta mutanenka a takarda, gwargwadon yadda ake ganin kuɗi za su fito. Wani babba zai leƙo ta kafaɗarka ya ce ƙara gishiri. A ranar ba ni nan, malamanku ba sa nan, matar da kake rubutu a kanta ma tana ƙauye.

Ga roƙona, ga ma'aikata da malamai da ɗalibai baki ɗaya. Kafin watan nan ya ƙare, kowa ya ɗauko rahoton ƙarshe da ya rubuta da Turanci, ya zaɓi sakin layi ɗaya da ke magana a kan mutane, ya juya shi zuwa Hausa ko Fillanci. Sannan ya nemi ɗaya daga cikin mutanen, ya yi sallama, ya nemi izini, ya karanta masa. Duk kalmar da kuka ji kun tsallake, ku ja mata layi. Malaman Turanci kuma ku tattara waɗannan kalmomi ku kai su aji.

Ita ƙanwar nan tawa ta bakin gado ban sake ganinta ba. Har yau ba ta san abin da aka rubuta a kanta ba.